Tikitin ƙofa ko gudummawar tsofaffin ɗalibai?

Jami'ar da ke shirin gasar NUGA, wato gasar wasannin jami'o'in Najeriya, tana buƙatar kuɗin riguna, mota da abincin 'yan wasa. Tikiti yana kawo kuɗi nan take, amma ɗalibai ne yawancin 'yan kallo. Da an tsawwala farashi, sai fili ya zama wayam. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na wata takwas a 2022 kuwa ya mayar da ɗalibai da dama gida.

Gudummawar tsofaffin ɗalibai ta fi ɗorewa, sai dai tana cin aiki. A tattara sunaye da lambobin waya bisa shekarar kammalawa, a buɗe asusu daban mai sa hannun mutum biyu, a roƙi abu takamaimai da farashinsa. Inda ake tuntuɓe shi ne rashin aika rahoton kashe kuɗi kowane zango.