Malamin ces na Unguwar Rimi: ya san ƙarshen wasa, amma ba ya riƙe lokaci

Akwai wani malami da ke koyar da wasan ces (chess, wasan allo na 'ya'ya farare da baƙaƙe) a bayan wani shagon gyaran waya a Unguwar Rimi, ranakun Asabar da Lahadi bayan la'asar. Aikinsa guda ne: ka kawo wasan da ka buga a rubuce, ya zauna da kai ku warware shi. Dubu biyar yake karɓa a kowane zama. Ɗan yayana na kai masa, yaro ɗan sakandare da ya iya buɗe wasa, wato takun farko-farko, sosai, amma da zarar allo ya yi fili sai ya rikice.

Wasan da muka kai, yaron ne da baƙi. An zo ƙarshe, kowa da sarki da ruk ɗaya (ɗan wasan da ke tafiya a miƙe, a tsaye ko a kwance), sai dai fari yana da ƙarin soja, wato ƙaramin ɗan wasa, a gidan e5 (harafi na nuna layin tsaye na allo, lamba kuma layin kwance). Sarkin yaron na e8, gaban sojan, ruk ɗinsa na a6. Da ya ga soja na matsowa sai ya janye ruk zuwa a8 ya bar shi can kusa da sarki, wai gadi yake yi. Fari ya tura soja e6, ya kawo sarki f6, ruk ɗinsa ya sauka h8, wasa ya ƙare.

Malam bai taɓa waya ba tukuna. Jera 'ya'yan ya yi a allo kamar yadda suke, ya ɗauki baƙi, ya ce wa yaron, "Bismillah, ɗana, ga sojan na ba ka, ka ci ni." Ruk ɗinsa bai bar layi na shida ba, yana ta kai da komo, sarkin fari ya rasa hanyar shiga. Da yaron ya gaji ya tura soja e6, nan take Malam ya sauke ruk zuwa a1 ya dinga kai wa sarki farmaki ta baya. Babu maɓoya, domin sojan ya zauna a gidan da sarki zai fake. Canjaras. Suka juya allo, ya sa yaron ya kare da hannunsa har sai da ya daina tsayawa tunani. Wannan kariyar ita ake jingina wa Philidor, gwanin ces Bafaranshe da ya bayyana ta a 1777, kuma ni a ganina wannan rabin awar kaɗai ta biya kuɗin zaman.

Daga baya ne ya ɗauko waya ya shiga Lichess, wani dandalin wasan ces na intanet. A can, idan 'ya'yan da suka rage a allo ba su wuce bakwai ba, har da sarakunan biyu, akwai rumbun lissafi da ke faɗa maka kai tsaye ko matsayin ci ne, ko canjaras, ko faɗuwa. Namu biyar ne. Ya bi wasan taku-taku har ya nuna wa yaron daidai inda canjaras ya koma faɗuwa. Abin ya zo daga baya ne, ba inda muka zata ba: janye ruk bai kashe wasan ba, barinsa a can ne ya kashe. Dandalin kyauta ne, kowa zai iya dubawa a gida, amma waya ba za ta tilasta wa yaro ya maimaita ba.

Inda nake da ƙorafi, lokaci. An ce ƙarfe huɗu da rabi, sai wajen biyar ya iso, ga magariba na tafe. Ya fara nuna mana matsayin Lucena, yadda mai soja ke gina gada, wato ya ajiye ruk a layi na huɗu ya zama garkuwa, don sarkinsa ya fito, aka kira salla, aka tsaya a tsakiya. Ga ƙarar janaretan maƙwabta, wani lokaci sai ka matso kafin ka ji shi. Buɗe wasa kuwa ko kallonsa bai yi ba. Wanda wannan ne damuwarsa, ya nemi wani.

Idan za ka je, ka rubuta wasan tun daga farko har ƙarshe, don ba ya karɓar "na tuna ruk ɗina yana wajen nan". Kuma ka nemi zaman Asabar, Lahadi yara sun fi yawa, allunan kuma biyu ne kacal.