Nutso a tsibiran Mafiya na Tanzaniya: kuɗina bai tafi a banza ba

Tun da na dawo, 'yan'uwa a Agege da abokan aiki a Apapa ke tambayata ko wannan tafiya ta cancanci kuɗin da ta ci. Amsata ita ce ta cancanta, amma ba don dillalin da ya shirya mini ita a nan Legas ba.

Tsibiran Mafiya suna cikin tekun Indiya, kudu da Zanzibar. Daga Legas kana iya bi ta Adis Ababa ko Nairobi zuwa Darussalam, sannan ƙaramin jirgi ya sauke ka a Kilindoni cikin kusan rabin awa. A 1995 gwamnatin Tanzaniya ta killace yankin, faɗin murabba'in kilomita 822, shi ne gandun ruwa na farko a ƙasar. Kafin nan masunta na jefa nakiya su kwashi kifi, duwatsun murjani kuwa su farfashe. Abin da wannan kariya ta haifar shi na je na gani da idona.

Cibiyar nutson da ke kusa da ƙauyen Utende ta burge ni ƙwarai. Malamin da aka haɗa ni da shi ba ya wasa da ka'ida ko kaɗan. Kafin mu shiga jirgin katako sai ya sa na buɗe tukunyar iska da hannuna, na duba ma'auninta, na ja numfashi ta bututun yana kallo. Mai sabon koyo ba ya wuce zurfin mita 18, kuma in za a fito sai an dakata minti 3 a mita 5, don iskar da ta taru a jini ta fita a hankali. Da kunnena ya fara ciwo muna sauka, riƙe ni ya yi a kafaɗa, ya nuna mini in toshe hanci in hura, bai bari mun ƙara ko taku ɗaya ba sai da na yi masa alamar lafiya lau. Wanda ya san yadda ake lodin mutane a kwale-kwalen Legas ba rigar ceto zai gane dalilin da ya sa wannan ya kwanta mini a rai.

A gaɓar Chole, inda muka yi nutson, ba agogonka ke aiki ba, ruwa ke yanke lokacin fita: ana jiran cikowar teku, don a lokacin ne yake garau. Mu da muka saba da ruwan Tarkwa na Legas mai duhu, wannan wata duniya ce daban. Wata kififiya ta zo tana gutsurar wani abu a jikin dutse, kusa da ni har ina ganin zanen bayanta da ƙiftawar idonta, ba ta ko kula ni ba. Ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa suka kewaye mu, suka buɗe, suka sake rufewa. An hana taɓa komai, an hana ɗaukar ko ɓawon katantanwa. Tasbihi kawai na riƙa yi a zuci.

Yawancin mutanen wurin Musulmi ne, saboda haka abinci da masallaci ba su ba ni wahala ba. Ƙanwata da muka tafi tare ta samu rigar nutso mai rufe jiki duka, ta ce mini, "Yaya, da na san haka ne da tuni na koya."

Inda raina ya ɓaci shi ne wajen dillali. Bai gaya mana ana biyan kuɗin gandun da dala kowace rana ba, kuma ba ya cikin abin da muka ba shi. Ya kuma saka mana jirgin komawa da sassafe washegarin nutson ƙarshe, alhali ana so a yi aƙalla awa 18 kafin a hau sama bayan nutso a jere. Malamin ne ya lura, ya soke mana fitar yammacin, kuɗinta kuma har yau dillalin bai maido ba.

Mai niyya ya nemi biza da wuri, don ta ɗan Najeriya sai hukumar shige da ficen can ta amince kafin a tashi. Ya yi magana da cibiyar nutson kai tsaye. In kuma yana son ganin wel shak, kifin da ya fi kowane girma a duniya, ya je tsakanin Oktoba da Fabrairu.