Ƙwayar TLD a asibitocin Gombe: inda ta yi kyau da inda ake tuntuɓe

Duk wanda aka gano yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki a Gombe, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya ne, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko manyan asibitocin Kaltungo, Billiri, Kumo da Bajoga, galibi roba ɗaya ce ake miƙa masa, mai rubutun TLD. Magunguna uku ne a ƙwaya guda: tenofovir miligiram 300, lamivudine 300, dolutegravir 50. Sau ɗaya ake sha a rana, kuma kyauta ne. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da shi ya kamata a fara wa manya, ya maye gurbin haɗin efavirenz da ke sa jiri da munanan mafarkai.

Maganin kansa ba shi da makusa sosai. Yana danne ƙwayar cutar da sauri, kuma cutar ba ta saurin bijire masa. Ana iya sha da abinci ko babu abinci, don haka mai azumi sai ya mayar da shi lokacin buɗa baki ko sahur. Ƙorafin da aka fi ji shi ne rashin barci, ciwon kai a makonnin farko, da ƙiba, musamman ga mata. Wanda barci ya ƙaurace wa ya mayar da shan zuwa safe, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Idan jiki ya daidaita, ana ba da roba mai ƙwaya 90, wani lokaci na wata shida a tafi ɗaya. Ga manomin da ke can cikin Dukku ko Nafada, wannan ba ƙaramin sauƙin kuɗin mota ba ne.

To me ya sa har yanzu ake rasa mutane a kan magani? Yawancin mace-macen a wata uku zuwa shida na farko suke aukuwa, kuma ga waɗanda suka zo a makare. Alamun sanannu ne: CD4 (ƙwayoyin garkuwar jiki da ake ƙirgawa a jini) ƙasa da 200, rama mai tsanani, ƙarancin jini, gudawa ko zazzaɓin da ya wuce wata guda, mutum ya kwanta sai an ɗaga shi. Maza sun fi faɗawa wannan rukuni, domin mace ana gwada ta a awon ciki, namiji kuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsa, bayan ya gama zagaye kemis da masu sassaƙe. Irin wannan majinyaci robar TLD kaɗai ba ta ishe shi ba. A nan ake gane asibitin da ya san aikinsa da wanda kawai yake raba magani.

Tarin fuka (tibi) ne kan gaba wajen kisa. Kafin a fara TLD dole a tambayi tari, zazzaɓi, gumin dare da rama. A kai majina gwajin GeneXpert don neman tibi, mai CD4 ƙasa sosai kuma a yi masa gwajin fitsari na LAM, shi ma na tibi ne. Idan an tabbatar da tibi, maganinsa ake farawa, TLD ya biyo baya cikin mako biyu. Ga inda ake yawan kuskure: rifampicin da ke cikin maganin tibi yana sa hanta ta kore dolutegravir da wuri. Saboda haka ana ƙara wata ƙaramar ƙwayar dolutegravir 50 ita kaɗai, awa 12 bayan TLD, har mako biyu bayan an gama maganin tibi. Ɗakin tibi daban, ɗakin karɓar TLD daban, kati biyu, ma'aikata biyu. Idan ɗaya bai san da ɗaya ba, mutum zai yi wata shida yana shan magani kan lokaci amma ƙarfinsa bai kai ba. Majinyaci ya riƙa nuna katunan biyu a kowane ɗaki. Wanda ba shi da tibi kuma ana ba shi na rigakafi, isoniazid 300 na wata shida tare da bitamin B6 don kada ƙafa ta riƙa zugi.

Na biyu shi ne sanƙarau na naman gwari, wanda ke shigowa a hankali da ciwon kai mai naci, ba kamar sanƙarau na bazara ba. Gwajin jini na CrAg yana kama shi tun kafin ya kai ƙwaƙwalwa, sai a tare shi da fluconazole. Idan ya riga ya kai, ba a gaggawar fara TLD, ana jinkirta mako huɗu zuwa shida, domin garkuwar da ta farfaɗo da ƙarfi tana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Ƙwayar Septrin 960 da ake sha kullum tare da TLD ita ma ba ado ba ce, tana tare ciwon huhu, gudawa, har ma tana rage zazzaɓin cizon sauro.

Sai abubuwan da ake haɗa shi da su a gida. Farin ruwan maganin gyambon ciki, ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, da ta ƙarin ƙarfin ƙashi, duk suna riƙe dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. A sha TLD awa biyu kafinsu ko awa shida bayansu. Mai ciwon suga da ke shan metformin, da mai farfaɗiya da ke kan carbamazepine, su faɗa tun ranar farko. Tenofovir kuwa ƙoda yake taɓawa. Lebura ko ɗan acaɓa da ke haɗiyar diclofenac kullum don ciwon jiki, ya ɗora da jiƙo, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙarancin shan ruwa, yana wasa da ƙodarsa. Gwajin ƙoda da na jini wani lokaci sai an biya, shi ya sa ake tsallake su, kuma wannan giɓi ne a tsarin. Mai ciwon hanta nau'in B kada ya kuskura ya tsayar da TLD da kansa, domin biyu daga cikin magungunan suna danne wannan cutar ma, in an daina hanta na iya tashi gaba ɗaya.

Robar kanta tana da aibi guda: tana kacau-kacau a aljihu. Saboda tsoron kishiya ko abokan shago, wasu kan ɓare takardar, su juye ƙwayoyin a leda, su jefar da ɗan ƙunshin da ke tsotse laima. Maganin yana son wuri ƙasa da digiri 30, a rufe ruf. Akwatin gaban mota a tashar Dukku da tsakar rana ba wurin ajiyarsa ba ne, haka ma saman kwano ko kusa da murhu.

Hanya ɗaya ce ta sanin ko yana aiki: gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, a wata na shida, na 12, sannan duk shekara. Idan ya haura 1,000 a kowace mililita ta jini, ba a sauya magani nan take, ana zama da mutum wata uku a gano abin da ke hana shi sha, a sake gwadawa. Sakamakon kan daɗe kafin ya dawo, wani lokaci ya kwanta a fayil ba wanda ya buɗe. Majinyaci ya tambayi lambar da bakinsa, ya sa a rubuta masa a kati.