Jan layi a ƙarƙashin kalma: sharhina kan mai duba rubutu na burauza

Sana'ata cike wa mutane fom a intanet: neman aiki, gurbin karatu, tallafi, duk abin da ya samu. Chrome da Firefox, wato burauzar da ake shiga intanet da su, nake amfani da su a kwamfutar shago, kuma kowannensu yana da mai duba kuskuren rubutu, wanda ke ja wa kalma jan layi idan bai gane ta ba.

Inda ya fi yi mini rana shi ne manyan akwatunan nan da ake cewa mutum ya bayyana dalilinsa na neman aikin. Da Turanci ake cikewa, mai fom na tsaye a kaina yana karanto mini daga takarda, wasu na zaune a benci suna jira, hannu kuwa sai gudu yake. Da harafi ya faɗi, ko biyu sun yi musanyar wuri, sai layin ya fito, in danna ɓangaren dama na linzami in zaɓi daidai. A nan kam ya cancanci yabo. Sai dai idan kuskuren ya haifar da wata kalmar da ke cikin ƙamus, shiru zai yi, don haka ba ya ɗauke maka sake karantawa.

A akwatin suna kuwa ba ruwana da shawararsa. Abdulƙadir, Ɗanjuma, Rabi'atu, Malumfashi, duk ja yake yi musu, ya kawo wasu kalmomin Turanci da ba su haɗa hanya ba. Suna ba ƙamus ke yanke hukuncinsa ba, abin da ke kan takardar NIN da BVN shi ne magana. Wanda aka rubuta masa Mohammed, idan ka sa Muhammad ka jawo masa zirga-zirgar gyara, ko da kana ganin naka ya fi daidai. Shi ya sa tsarin Firefox ya fi kwanta mini: ba ya taɓa akwati mai layi ɗaya sai ka umarce shi, manyan kawai yake dubawa. Sunayen garuruwan da nake yawan rubutawa kuma na zuba su a ƙamusin burauzar, sun daina yin ja.

Hausa fa? Babu ita cikin harsunan da Chrome ke dubawa. Ka rubuta sakin layi guda, ka ga shafi ya yi jawur. Wannan yana yi mini ciwo, ganin yawan masu rubutu da harshen nan kullum.

Abin da na fi so abokan sana'a su sani shi ne, mai duba rubutun Chrome iri biyu ne. Na farko a cikin kwamfutarka yake aikinsa. Na biyu, wanda suke kira ingantacce, yana tura abin da ka rubuta zuwa Google, kuma su da kansu sun faɗi haka a wurin saitin. A watan Satumba na 2022 masu bincike na kamfanin tsaron intanet mai suna otto-js suka nuna cewa wannan nau'in, da Microsoft Editor, mai duba rubutu na burauzar Edge, suna iya tura bayanan fom, har da kalmar sirri idan aka danna alamar nuna ta. Ni da nake shigar da ranar haihuwar mutane da adireshinsu da sunan mahaifiyarsu, amana ce a hannuna. Na farkon na bari a kunne a duk kwamfutocin shagon, kuma na hana yaran da ke koyon aiki taɓa saitin.