MySQLi ko PDO: Wanne Ya Fi Dacewa?

Matashin da ke rubuta manhajar rajistar ɗalibai da harshen shirye-shiryen kwamfuta na PHP a Jos yana da hanyoyi biyu, MySQLi da PDO, na haɗa ta da rumbun bayanai na MySQL, tun da aka cire tsohuwar hanyar a PHP 7 a shekarar 2015. MySQLi ba ta aiki sai da rumbunan MySQL da MariaDB. PDO kuwa tana aiki da wasu rumbunan ma, kamar PostgreSQL da SQLite, saboda haka idan makarantar ta sauya rumbu gobe, gyaran ba zai yi yawa ba, ko da yake wasu umarnan SQL, wato harshen da ake ba rumbu umarni da shi, sai an sake su. Dukansu suna kare rumbu daga kutse ta hanyar shirya umarni kafin a saka bayanai, amma PDO ce ke ba da damar sanya suna ga kowane gurbin da za a saka bayani a cikin umarnin, abin da ya sa na fi karkata gare ta.