Aikin sito a Ingila, ga yadda na same shi

Yaya, ka tambaye ni ko aikin sito a nan ya bambanta da wanda muka saba a Dawanau, to wallahi bambancin ba kaɗan ba ne. Ina aiki a wani ƙaton sito kusa da Northampton, yankin nan cike yake da irinsu saboda babban titin M1 da ya ratsa ta wurin.

Ranar farko ko kwali ɗaya ba a bari mun taɓa ba, zaunar da mu aka yi aka nuna mana ƙofofin fita idan gobara ta tashi, da filin da za a taru a waje a kira suna, da yadda ake ɗaga kaya, ka durƙusa gwiwa ta yi aikin kar ka sunkuya da baya. Takalmi mai ƙarfe a baki, riga mai ƙyalli, safar hannu, duk kyauta ne, doka ta hana a cire kuɗinsu a albashi kuma tun 2022 ta haɗa har da masu aikin wucin gadi irinmu.

Ƙasan siton an shata shi da fenti, ga hanyar masu tafiya a ƙafa ga hanyar motar ɗaga kaya, a kowace kwana an rataye madubi kuma direba sai ya danna hon kafin ya karya. Ba wanda zai hau motar nan sai wanda aka koya wa yana da takarda, ita kanta motar duk shekara sai ƙwararre ya duba ta ciki da waje. Jikin kowace kanta akwai allo an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Shawarar hukumarsu ta HSE, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ita ce kayan da namiji zai ɗaga kar su wuce kilo 25, shi ma idan kayan na daidai ƙugu ne kusa da jiki, mace kilo 16. Duk lokacin da na ga haka sai in tuna 'yan dakonmu da buhun masara mai kilo 100 a kai suna hawa katako zuwa bayan tirela da silifas, idan bayan mutum ya lalace shikenan sai a ce Allah ya sawwaƙe, iyalinsa su ji da shi.

Kar ka ɗauka tausayi ne ya yi musu yawa fa. Dokar lafiyar ma'aikata ta 1974 ce ke bin su, sufeto yana iya shigowa ba sanarwa ya tsayar da aiki nan take, a kai kamfani kotu a ci shi tara. Rauni idan ya hana mutum aiki sama da kwana 7 dole a kai wa hukuma rahoto. Mu ma ai muna da Dokar Masana'antu ta 1987, da ta diyyar ma'aikata ta 2010 da ta ce kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, a takarda ba a bar mu a baya ba, bibiyar ce babu.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na'urar da ke hannunka tana ƙirga kaya nawa ka ɗauko a awa, an ce ka bi a hankali an kuma ce ka cika adadi, hutun da doka ta tilasta minti 20 ne kacal idan aikin ya wuce awa 6. Na ga wani ɗan Ghana kwali ya faɗo masa a kafaɗa ya ƙi faɗa, tsoronsa kar ejan ɗin da ya kawo shi, wato dillalin da ke samo wa sito ma'aikata, ya daina kiransa aiki, haka ya ƙarasa dare yana ja da hannu ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai sosai.

Batun sitonka kuwa, don Allah ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016. Kayan da aka jibge a ƙofar baya a kwashe su, a kira mai gyaran wuta na gaske ya sake wayoyin nan da aka yi ta jonawa, tukunyar kashe gobara kuma a duba allurarta ko tana kan kore. Ka tambayi kuɗin tukwane biyu da amalanke ɗaya na yaran, zan turo ƙarshen wata in sha Allah. A gaida Hajiya da yara.