Asibitin unguwa da muka kai ɗiyata bayan cizon mage: inda suka kyauta da inda suka gaza

A ƙarshen watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke hana kowa barcin ɗaki, ɗiyata mai shekara 7 ta fita tsakar gida bayan sallar Magariba za ta ɗauko buta, sai ta tarar da wata mage, ko mussa kamar yadda muke kiranta a nan, kwance a gindin randa tana shan sanyin ƙasa. Ba ta gidanmu ba ce, kuma babu wanda ya san mai ita a duk layinmu na Mabera. Yarinya ta miƙa hannu za ta shafa ta, ita kuwa ta kafa mata haƙori a tudun babban yatsa, ta haura katanga ta ɓace. Huda biyu ne ƙanana kamar sukar ƙaya, jinin da ya fito bai cika cokalin shayi ba, shi ya sa kakarta ta ce a shafa toka da gishiri a bar ta ta yi barci. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, na ɗora ta a babur muka nufi wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da mu. Ba zan kama sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a tura mu wurin yankar kati ba. Ma'aikaciyar jinya da ke bakin aiki ta dubi hannun, ta ce, "Malam, kun wanke kafin ku fito?" Na ce mun ɗauraye da ruwa. Ta ce wannan bai isa ba. Famfon ɗakin babu ruwa, sai ta sa wani yaron asibitin ya cika buta biyu daga tanki, ta zaunar da yarinyar a bakin magudana, shi yana zuba ruwa ita tana goga sabulu, kumfa na gangarowa har gwiwar hannu, idonta kuma na kan agogon bango. Minti 15 cur ta yi, yarinya na kuka tana kiran uwarta, ita kuwa tana rarrashinta da "yi haƙuri ɗiyata, saura kaɗan" ba tare da ta dakata ba. Da ta gama ta tsane wurin ta shafa ruwan aidin, ta bar shi a buɗe. Daga baya likita ya yi mini bayanin cewa ƙwayar cutar haukar kare tana da wata riga ta maiƙo wadda sabulu ke narkarwa, don haka wankin nan na minti 15 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umarni da shi magani ne mai zaman kansa, kuma da a gida muka fara yinsa da ya fi amfani. Toka da barkono da man birki, waɗanda mutanenmu ke zubawa a kan cizo, ba sa kashe ƙwayar, ƙazanta kawai suke ƙara wa rauni.

Likitan matashi ne, bai yi mini gaggawa ba. Na tambaye shi abin da na san masu karatu da yawa za su tambaya, wato me ya haɗa mage da haukar kare. Ya ce sunan da muka ba cutar ne ke yaudararmu. Gaskiya ne kusan kashi 99 cikin ɗari na mutanen da ke kamuwa da ita daga kare suke samu, amma mage da jemage da dila duk suna iya ɗaukarta a yawu, kuma magen da ke yawo a bola tare da karnukan da ba a yi wa rigakafi ba babu wanda zai rantse a kanta. Cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda take ɓoyewa: ƙwayar na bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin zai warke sumul, a manta da shi, amma ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita da iska, to magani ya ƙare, sai dai addu'a.

Akwai wani abu da nake ganin ya kamata mu Musulmi mu rarrabe. Mun taso muna jin cewa mage ba najasa ba ce, an ruwaito cewa tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu, kuma ragowar ruwan da ta sha ana alwala da shi. Wannan hukunci ne na tsarki, kuma yana nan daram. Amma tsarkin shari'a bai ce bakin dabbar da ke cin mushe a juji ba ya ɗauke da cuta ba. Na tabbata wannan ruɗani ne ya sa kakar yarinyar ta ɗauki abin da sauƙi, alhali da kare ne da ita za ta fara cewa a tafi asibiti.

Likitan ya ce tunda haƙori ya huda fata har jini ya fito, cizon yana mataki na uku, wanda shi ne mafi tsanani a rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, ballantana a hannu, inda jijiyoyi suka yi yawa. Bai ɗinke wurin ba, ya ce ɗinki na iya kulle ƙwayar a ciki. Sai ya sa aka ɗauko allurar rigakafi, kuma a nan ne asibitin ya sami mafi girman yabona. Allurar tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a garin nan zafin rana a Afrilu yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Allurar da ta kwana a firjin da ya huce za ta iya rasa ƙarfinta ba tare da kamanninta sun canza ba. Ban nemi a nuna mini ba, amma ma'aikaciyar ta kira ni na ga firjin nasu mai aiki da hasken rana, ma'aunin da ke ciki yana kan 5, ga kuma takarda manne a ƙofa inda ake rubuta awon safe da yamma. Ta miƙo mini kwalbar na karanta ranar lalacewarta da lambar NAFDAC kafin ta fasa. A dantse aka yi wa yarinyar, domin wannan allura ba a yinta a ɗuwawu, kitsen wurin na rage mata aiki. Aka rubuta mana ranakun dawowa a kati: rana ta 3, ta 7, da ta 14.

Ya kuma tambayi katin rigakafinta na jarirai. Da ya ji cewa tun allurai uku na mako 6 da 10 da 14 ba a sake yi mata ta ciwon sarƙe-haƙora ba, wanda asibiti ke kira tetanus, sai ya ƙara mata ita. Ya rubuta maganin amoksisilin mai haɗe da kilabulanet, ya ce haƙorin mage siriri ne, yana shiga ciki sosai fatar kuma ta rufe a kansa, don haka ƙwayoyin bakinta sukan haddasa kumburi kafin kwana guda. Haka kuwa aka yi. Da asuba tudun yatsan ya yi ja ya tasa, yana zafi kamar an ɗora garwashi, amma da yake an riga an gargaɗe mu kuma an fara shan magani, cikin kwana 3 ya sace.

Inda suka gaza kuwa ba ƙaramin wuri ba ne. Cizon mataki na uku yana buƙatar wata allura ta biyu da ake kira imiyunogulobulin, wadda ake tsirawa a cikin raunin da kewayensa don ta tare ƙwayar nan take, kafin jiki ya fara haɗa garkuwarsa bayan kamar mako guda. Asibitin ba shi da ita. Na yaba wa likitan da bai ɓoye mini ba, ya faɗa mini ƙarara cewa ana iya yinta har zuwa rana ta 7 daga allurar farko, bayan nan ba ta da amfani. Amma takarda kawai ya rubuta mini ya ce in nema. Bai san inda ake samu ba, bai buga wa kowa waya ba, asibitin kuma ba shi da wata alaƙa da inda zai tura mutum. Kwana 2 na yi ina zagaya manyan shagunan magani a cikin rana, wasu ma ba su taɓa jin sunanta ba, kafin wani abokin aikina ya haɗa ni da inda na samu, na kawo ta a cikin kula da ƙanƙara. Ni ina da babur, ina karatu, ina da wanda zan kira. Na yi ta tunanin uwar da ta zo daga ƙauye da yaro a goye, aka miƙa mata wannan takarda. Asibitin da ya san darajar firji ya kamata ya san lambar wayar wuri ɗaya ko biyu da ke ajiye wannan allura.

Na biyu shi ne maganar kuɗi. A daren farko kuɗin allura ɗaya aka faɗa mini, ban fahimci cewa kowace dawowa da nata biyan ba sai a rana ta 3 a gaban mai karɓar kuɗi. Jimillar ta haura cefanen gidanmu na makonni. Ba na zarginsu da tsawwalawa, domin na tambaya a wasu wurare na ji farashin kusan ɗaya ne, amma rashin faɗin jimilla tun farko yana da haɗari, saboda shi ke sa mutum ya yi allura ɗaya ko biyu, ya ga rauni ya warke aljihu kuma ya yi sauƙi, sai ya daina zuwa, alhali rigakafin da ba a kammala ba ba abin dogaro ba ne. A rana ta 7 kuma mun yi zaman kusan awa biyu saboda wanda ke riƙe da makullin firji ya fita, babu na biyu.

Game da magen, ni na tayar da maganar. Likita ya ce idan an gan ta kada a kashe ta kuma kada a kama ta da hannu, a sa mata ido kwana 10, domin kare ko magen da ke yaɗa cutar a yawu ba ya wuce wannan wa'adi lafiya ƙalau. Idan ta mutu ko ta canza hali, a sanar da likitocin dabbobi, waɗanda muke da su a garin nan har da tsangaya guda a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su ne suka san yadda ake aika kan dabba gwaji a Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ya jaddada cewa sa ido ba dalilin jinkirta allura ba ne, tare ake yinsu. Na so a ce wannan bayani yana cikin abin da suke faɗa wa kowa ba sai an tambaya ba. Mun baza yaran layi su duba, amma ba a sake ganinta ba, don haka muka kammala allurai huɗu.

Wanda ke zaune a ɓangarenmu ya tambaye ni, zan ce ya je, musamman da dare, domin a buɗe suke kuma wanki da allurar farko su ne ba sa jira. Amma kafin ya fito gida ya tsaya ya yi wankin sabulu na minti 15, ya tafi da katin rigakafin yaro, ya nemi a faɗa masa jimillar kuɗin allurai huɗu, kuma idan jini ya fito ya tambayi maganar imiyunogulobulin tun a daren, ya fara nema da safe. A rana ta 14 ma'aikaciyar da ta yi wankin ce ta yi allurar ƙarshe, ta buga hatimi a katin, ta ce mini in adana shi wuri mai kyau, domin wanda ya taɓa kammala rigakafin, idan aka sake cizonsa, allurai kaɗan zai buƙata kuma ba sai an nemi waccan mai wuyar samu ba. Katin yana cikin jakar da nake ajiye takardun haihuwar yara.